Bargon da Kaka ta Ba Sista Aro

Har yau idan bas ta tsaya a gabana, ƙofarta ta yi wannan hucin, sai in tuna Kaka. Ita ce ta ce motocin Greensboro ma gajiya suke yi, shi ya sa suke nishi kafin su buɗe baki. Wata huɗu kacal ta yi tare da mu a unguwar Glenwood, a ɗan gidan katakon da muke haya kusa da jami'a. Ina 'yar shekara tara a lokacin.

Haihuwar ƙanena ce ta taso ta daga Maraɗi, sai dai takardu sun riƙe ta, ba ta iso ba sai da yaro ya fara dariya. Haihuwar kuwa ta zo da gardama. Baba yana aiki a kamfanin safa, ba ya iya bari, kuma ba mu da kowa a garin. Wadda ta tsaya wa Mama wata sista ce ta Katolika, cikin matan nan da ba sa aure, suke zaune gida ɗaya suna hidimar baƙi da marasa lafiya. Doguwa ce mai furfura, kullum takalminta ɗaya. Ita ta riƙa kai Mama asibiti, ita ta riƙe hannunta ranar da aka yi mata aiki.

Tun da Kaka ta ji wannan labari ta ƙudura cewa ba za ta hau jirgi ba sai ta yi wa matar nan godiya yadda ake yi. Baba ya samo wata takarda daga gidan sistocin, ya zauna yana karanta mata hanyoyin da ake ba su taimako. Ana iya aika cak ta gidan waya. Ana iya sa banki ya riƙa tura musu wani abu duk wata. Mai tsohuwar mota yana iya ba su, mai rubuta wasiyya yana iya sa su a ciki.

"Hajiya, ku bari kawai in aika musu cak," in ji Baba.

Kaka ta dube shi kamar ya ce a ba baƙo ruwa a murfin kwalba. "Matar da ta riƙe hannun ɗiyata, ita za a aika wa takarda? Haba!"

Kaka ba ta zo da wata dukiya ba. Abin da take ji da shi bargo ne, saƙar hannu, fari da baƙi, mai nauyi, wanda marigayi kakanmu ya saya mata. Da shi take yaƙi da sanyin ƙasar nan, domin ta ce bargunanmu na kanti ba su da maraba da mayafi. Shi ta ninke ta ɗaure a ɗankwali, saura mako biyu ta tafi.

Da ni aka haɗa ta, saboda Mama ba ta gama warwarewa ba, kuma ni ke da Turancin lakwal, wato na makaranta. Muka shiga bas zuwa tashar cikin gari, muka sake wata. Ƙarshen hunturu ne, itatuwa tsirara, ana yayyafi. Falon sistocin yana warin man goge katako da gasasshen burodi, ga gicciye a bango. Kaka ta kalle shi sau ɗaya, ta gyara mayafinta, ta zauna.

Sai da ta gama gaisuwa tsaf, har da tambayar iyayen sista da suka daɗe da rasuwa, sannan ta miƙa ƙunshin da hannu biyu. Sista ta kwance, ta shafa saƙar, ta yi godiya. Daga nan ta ce in gaya wa Kaka cewa ranar da ta shiga gidan nan ta yi alkawarin ba za ta mallaki komai ba. Duk abin da aka ba ta na gidan ne, shugabarsu ce za ta ce inda za shi, wataƙila wurin wani mai jin sanyi.

Na fassara, ina ta ƙoƙarin rage wa maganar kaifi.

"Ko cokali ba ta da shi?" in ji Kaka.

Na tambaya. Ko cokali.

"Ikon Allah."

Kaka ta kafa wa bargon ido. A wurinta wannan mayar da kyauta ne, komai ladabin da aka yi shi da shi. Ni kuwa kunya ta ishe ni, so nake mu tashi mu tafi. Can sai ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Ke, tambaye ta. Aro fa? An hana su aro?"

Sista ta miƙe. Ta shiga ciki ta fito da shugabar, wata 'yar tsohuwa mai sanda. Tsohuwar ta saurara, ta yi nazari kamar alƙali, ta ce ita dai ba ta san dokar da ta hana ba.

"To, madalla," in ji Kaka. "Gaya mata bargo nawa ne. Ta rufa da shi. Ranar da na dawo zan karɓi abina, kuma kada in tarar ta ba wani."

Makonni biyun da suka rage, da rigar sanyin Baba take kwana, tana mita.

Kaka ba ta sake dawowa ba. Ta rasu ina shirin gama sakandare. Mu ma muka bar Glenwood, zumunci da sistocin ya koma katin gaisuwa sau ɗaya a shekara. Ni yanzu ta waya nake ba da sadakata, da danna yatsa. Ba wanda ya taɓa mayar mini, ban kuma taɓa ganin fuskar wanda ya karɓa ba.

Bara aka rufe gidan sistocin, domin sun tsufa kuma babu masu shigowa. Ba a jima ba wani kwali ya iso gidan Mama. Bargon ne, farin ya koma ruwan ƙasa, gefe ɗaya an yi masa faci da zare shuɗi. Wasiƙar da ke ciki ta ce sista ta rasu, an raba 'yan kayan ɗakinta, amma wannan sun tarar ta maƙala masa takarda cewa ba nata ba ne, kayan aro ne, a mayar wa mai shi.

Mama ta daɗe tana riƙe da shi a cinya. Na ce ta shimfiɗa a gadonta mana, ai ita ta gaje shi. Ta girgiza kai, ta ninke shi, ta sa a saman kabad.

"Ba ni na ba da aron ba," ta ce.