Kwana Ukun Matan Rumawa

Har yau in na shiga tashar manyan motoci na shaƙi warin gas ɗin nan da ya gauraya da damshin ruwan sama, nan take nake komawa 'yar shekara tara, ina tsaye riƙe da gefen hijabin Mama, ita kuma tana riƙe da 'yar jakarta mai ruwan ƙasa.

A unguwar Rusholme, a ƙasar Turawa, muke zaune lokacin, a saman wani shagon gasa nama da ke kan Wilmslow Road. Bas na wucewa, tagoginmu na kaɗawa. Karatu ya kawo Baba daga gida, yana bincike a jami'a kan dokokin iyali na Rumawan da. Ba ya ɗaga murya, ba ya duka, kada ka ce na ce maka mugu ne. Amma in ya yi shiru, ko cokali a hankali muke ajiye shi.

Wata rana muna cin tuwo, ransa fari, ya ba mu labarin abin da yake karantawa. Ya ce a farkon zamanin Rumawa, in mace ta cika shekara a gidan miji, ta shiga hannunsa ke nan, ita da duk abin da ta mallaka. Ta fita daga lissafin gidan ubanta, a idon doka ta koma kamar ɗiyar mijin. Sai dai sun bar ƙofa guda: in ta kwana uku a waje kowace shekara, lissafin ya warware, tana nan 'yar gidansu.

Mama ta ajiye ludayi. "Kwana uku kacal?"

"Kacal," in ji Baba. "Amma a jere."

A bazarar nan ta nemi izinin zuwa Birmingham wurin Gwaggo, yayar mahaifinta, wadda ta auri mutumin Kumasi suka zauna a unguwar Sparkbrook tun kafin a haife ni. Ita kaɗai ce jinin Mama a ƙasar nan. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe Barumiya ya aura. Ya raka ta tasha da kansa.

Shekara ta biyu da ni aka je. A gidan Gwaggo na ga wata mata da ban sani ba, sanye da fuskar Mama. Ta tuɓe ɗankwali, ta miƙe ƙafa, tana cin wake da shinkafa da baƙin yajin mutanen Gana, tana ƙyalƙyala dariya har ana jin ta a titi. Gwaggo na tsefe mata kai tana kiranta da sunan yarinta, wanda ban taɓa jin kowa ya furta a gidanmu ba. Gaskiya na ji haushi. Me ya sa mu ba a yi mana wannan dariyar?

A shekara ta uku Baba bai yi dariya ba. Karatun ya cije, malaminsa ya dawo masa da babi biyu. Bai hana ta ba, don ba ya hana abu da baki. Ya dai ce yara su zauna. Tana tafiya gidan ya yi nauyi. Sanyi ya riga ya shigo, ƙarfe huɗu gari ya fara rufewa, shi kuwa yana zaune a kujerarsa, littafi buɗe a cinya, shafin bai taɓa juyawa ba. Ni da ƙanena a kan yatsu muke tafiya.

Bayan ta kwana biyu, ya idar da la'asar ya miƙo mini waya.

"Kira mamanki ki gaishe ta. Ki gaya mata ƙaninki bai gama breakfast ɗinsa ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma gaskiya ne. Sauran ni na ƙara. Da na ji muryarta da sauran dariya a ciki, sai na ce jikin yaron zafi rau, ya yi amai, ko GP, likitan unguwa, za mu kira? Yaron kuwa yana gabana yana tura motar roba. Baba yana ji, bai gyara mini ba.

Ina jiyo Gwaggo daga nesa tana cewa, "Ki bari sai gobe mana, ubansa na nan." Mama ba ta bari ba. Kafin isha'i ta shigo, hijabinta sharkaf. Ta ɗora hannu a goshin ƙanena, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta dube ni. Da ma mari ta yi mini.

Baba ya juya shafinsa, ya ce, "Sannu da hanya. Kwana biyu ba ya shiga lissafi."

A sanyin nan Gwaggo ta rasu. Da safe aka je ta'aziyya, da yamma aka dawo.

Yanzu ina da nawa gidan a unguwar Balsall Heath da ke Birmingham, da motata. 'Ya'yana mata sai sun kama hanya suke turo saƙo cewa sun tafi, labarin matan Rumawa kuwa dariya yake ba su. Baba ya shekara shida da rasuwa, ba mai jiran Mama a Rusholme. Nakan je in ɗauko ta, in gyara mata ɗaki, in dafa mata wake da shinkafa, in roƙe ta ta yi mana ko mako guda. Takan ce to. Amma in ta kwana biyu, ana idar da la'asar sai in tarar ta sa hijabi, tana zaune a bakin gado, takalma a ƙafa.