Ranar da Maɓallin Farawa Ya Bar Kusurwar Arewa

Hakki ne a kan duk wanda ya ƙera kayan aiki ya miƙa wa jama'a, cewa idan zai sauya wa wani abu mazauni, ya nemi yardar masu amfani da shi kafin ya taɓa. Ko mai sharar ofis ba ya ɗauke buta daga bakin ƙofa ya kai ta ƙarƙashin taga bai faɗa wa mai ita ba. Wannan hakki ne kamfanin da ya ƙera manhajar kwamfutocinmu ya tauye. Sakamakon haka kuwa shi ne takardar tuhuma guda ɗaya da ke kan teburina, ɗauke da sunan wani dattijo da bai taɓa samun irinta ba tun ranar da ya kama aiki, ga shi saura watanni kaɗan ya yi ritaya.

Ni ne mai kula da kwamfutocin wata hukuma ta ayyukan gona, na babban ofishinmu a Nguru da na reshenmu a Gashua. Ni ne kuma mai riƙe da makullin ɗakin fayil, domin an lura tun da wuri cewa ba na ɓatar da takarda. Dattijon da nake magana a kansa shi ne akawun reshen Gashua. Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, saboda haka tun ranar da muka fara haɗuwa bai taɓa kirana da muƙamina ba. Cewa yake yi na bar shanu na kama kiwon na'ura, kuma ita ma ba ta jin maganata. Ni ina ce masa Baba Akawu.

A hukumarmu akwai al'ada. Ranar walimar sallamar wanda ya yi ritaya, mai riƙe da fayil yakan miƙe a gaban jama'a ya karanta taƙaitaccen tarihin aikinsa. Idan fayil ɗin ya fita tas, sai a rufe da cewa, “Ba a taɓa tuhumarsa ba.” Mutane ƙalilan ne na karanta wa wannan jimla. Baba Akawu ya daɗe da gaya wa iyalinsa su zo da wuri ranar, su zauna a gaba.

Da aka kawo kwamfuta reshen Gashua, ni na koya masa. Hannunsa ya saba da keken buga takardu, don haka rubutu bai ba shi wahala ba. Abin da ya gagara shi ne hagu da dama. Idan na ce masa ta waya ya kai linzamin kwamfuta, wato abin da ake ja da hannu ana dannawa, hagu, sai ya tambaye ni hagun wa, nasa ko na kwamfutar, tunda fuskantar juna suke yi. Tambayar tana da ma'ana, ban kuma sami amsar da ta gamsar da shi ba. Daga ƙarshe muka koma yadda kowa yake yi wa baƙo kwatance a garin nan. Teburinsa gabas yake kallo, don haka hagunsa arewa ne, damansa kudu. Na juya nawa teburin a Nguru shi ma ya kalli gabas, don bakinmu ya zo ɗaya. Maɓallin farawa, wanda ta cikinsa ake shiga komai, ya zama yana kusurwar arewa ta ƙasa. Alamar rufe shafi tana kudu ta sama. Agogo yana kudu ta ƙasa.

A kan wannan tsari na rubuta ɗan littafin ƙa'ida, na sa aka lulluɓe shafukansa da leda, na rataye shi da zare a jikin kowace kwamfuta. Ƙa'ida ta farko na rubuta ta da manyan baƙaƙe: kada a danna wani abu da ba a ambata a cikin wannan littafi ba. Ina da dalili. An taɓa samun wani jami'i da ya ga wani abu yana walƙiya yana yi masa albishir da kyauta, ya danna, na shafe kwana uku ina wanke na'urar. Shekara da shekaru littafin nan yana aiki, kuma babu wanda ya riƙe shi kamar Baba Akawu. Ya haddace shi har da lambobin shafi.

Sai kamfanin ya fito da sabon fasali. Wani ɗan allo ya riƙa fitowa yana tambaya ko a sabunta yanzu ko an jima. Na duba sama da ƙasa ban ga inda aka rubuta “a'a” ba. Na bi kwamfutocinmu ɗaya bayan ɗaya na dakatar da sabuntawar, na Nguru da ta Gashua, na rubuta a kundin aiki cewa na yi, na sa hannu. Abin da ba a gaya mini ba shi ne dakatarwar tana da wa'adi. Ta Gashua na fara yi wa, don haka wa'adinta ya riga cika. Wata Juma'a kwamfutar ta ga dama ta yanke wa kanta hukunci cewa an jiman ta yi.

Ranar Litinin da ta biyo baya, ruwan farko ya riga ya sauka, manoma suna jiran iri. An loda buhunan irin gero a akori-kura a ƙofar reshen Gashua, za a kai Jakusko. Mota ba ta tashi sai da jerin sunayen manoma, domin kowa a gaban sunansa zai dangwala. Jerin yana cikin kwamfuta, bugawa kawai ya rage. Da hantsi wayata ta yi ƙara, sai ga Baba Akawu yana gaishe ni da Barbarci.

“Wushe, Bafulatani. Saniyarka ta ɓata.”

“Baba Akawu, ina kwana. Wace saniya kuma?”

“Maɓallin farawa. Ba ya nan.”

Na dubi tawa kwamfutar, ga shi nan zaune a inda yake kullum. Na ce, “Ka duba kusurwar arewa ta ƙasa.”

“Na duba. Rana ce a wurin.”

“Rana?”

“Hoton rana, 'yar mitsitsiya, da lamba a gefenta. Madam ta ce wai sanar da ni take yi ana zafi a Gashua. Ni da aka yanke wa cibiya a garin nan.”

Madam ita ce sakatariyar reshen, mutuniyar kudu ce da ta daɗe a Gashua har Hausarta ta fi ta wasunmu. Na ji muryarta daga nesa tana cewa a ba ta linzamin.

Zuciyata ta tafi kan wani abu da ya taɓa faruwa. Shekarar da aka yi wa ofishin fenti, masu aikin sun mayar da teburin yana kallon yamma, muka yi rabin yini arewarsa tana kuduna. Na ce, “Ina kake fuskanta?”

“Inda nake fuskanta in zan yi sallah. Ko shi ma ya tashi?”

“To duba kudu ta ƙasa.”

“Agogo. Shi dai bai gudu ba.”

Muka zagaye kusurwa huɗu, babu. Sai ya ce, “Amma fa akwai wasu abubuwa da suka taru a tsakiya, sun yi sahu kamar masu jiran rabon taki. Na farkonsu ya yi kama da…”

Na katse shi. Ina rubuta wannan ne domin gaskiya ta zauna a takarda. Na ce, “Baba Akawu, ba ruwanka da tsakiya. Babu tsakiya a littafi. Kada kowa ya taɓa komai, ga ni nan zuwa.”

Na sanar da ofis, na hau acaba zuwa tasha. Motar Gashua ta ƙi cika. Muka zauna muna jiran mutum biyu har aka kira azahar, ɗaya ya zo da kwandon busasshen kifi wanda ya ce a cinyarsa zai riƙe, amma rabinsa a tawa ya yi tafiyar.

Ban isa ba sai bayan la'asar. Abin da na tarar ya isa a rubuta shi. Shugaban reshe, da ya gaji da jiran, ya ba da umarni cewa tunda littafi ya ce arewa, a yi ta juya teburin har maɓallin ya bayyana. Direba da maigadi suka juya shi ya kalli kudu, suka juya ya kalli yamma, a juyi na uku wayar firinta ta tsinke daga mazauninta. Direban ya ce shi ba zai kama hanyar Jakusko da yamma ba bayan an yi ruwa, ya kulle motarsa ya tafi gida. Baba Akawu yana zaune ya dafe linzami da tafin hannunsa, Madam tana tsaye a kansa ta riƙe ƙugu.

“Oga,” in ji ta, “tun safe nake ce masa ga shi nan a tsakiya. Ya ce sai dai in bi ta kan gawarsa.”

Na zauna na dubi allon. Ga maɓallin farawa, an ɗebo shi daga kusurwarsa an dasa a tsakiyar gindin allo, an sauya masa launi, ba tare da wani laifi da ya yi ba. Na juya na ce, “Baba Akawu, ai ka gan shi.”

“Tun ƙarfe takwas nake kallonsa, shi ma yana kallona.”

“Me ya hana ka dannawa?”

Ya jawo littafin da zarensa, ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa a kan manyan baƙaƙen da na rubuta da kaina. Madam ta yi dariya har ta zauna a kan buhun iri da aka shigo da shi don samfur.

Kada a ɗauka cewa da zuwana komai ya warware. Na danna jerin sunayen da ɓangaren kudu na linzami, wato na dama, kamar yadda na saba, don in zaɓi bugawa. Kalmomin da na sani sun ɓace. An maye gurbinsu da 'yan hotuna marasa suna: almakashi, kwandon shara, da wasu murabba'ai biyu da har yau ban tabbatar da nufinsu ba. Sai can ƙasa na ga an rubuta cewa akwai ƙarin zaɓi, na danna, sai ga tsohon jerin nan cif, an ɓoye shi a bayan sabon kamar abin kunya. Da na mayar da wayar firinta, na nemi wurin saita ta, na tarar an raba shi gida biyu, kowanne yana tura ni wajen ɗan'uwansa. Ni da na yi karatun wannan aiki na karɓi takardar shaida, sai da Madam ta miƙo yatsa ta ce, “Oga, gwada wancan.” Wancan ɗin ne.

Jerin ya fito gab da magariba. Iri ya kwana a mota, washegari ya isa Jakusko, babu manomin da ya rasa shuka. Amma tun kafin in iso shugaban reshe ya riga ya rubuta wa Baba Akawu takardar tuhuma, cewa ya yi bayanin dalilin da ya sa ya jinkirta aikin hukuma yini guda.

Na shiga ofishinsa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, har ya yi murmushi da na zo kan batun rana. Ya ce, “Malam, na yarda da kai. Raina ne ya ɓaci, direba yana ta yi mini hon a ka. Amma an riga an ba ta lamba.”

Ni ne na kafa dokar cewa takardar da ta sami lamba ba ta ɓacewa, ba a yaga ta, ba a mayar da ita aljihu. Kwamitin ladabtarwa na babban ofis ne kaɗai ke da ikon soke ta. Ya sa ta a ambulan ya miƙo mini, tunda ni ne mai kai ta fayil, ni da ita muka hau mota ɗaya zuwa Nguru.

Daga baya na gano wani lungu a cikin saituna inda ake roƙon maɓallin ya koma kusurwarsa, ya kuma koma. Sauran abubuwan sun ƙi. Na sake rubuta littafin ƙa'ida, na shigar da tsakiya a cikinsa, na sassauta ƙa'ida ta farko da cewa idan an ga baƙon abu a karanta mini shi har ƙarshe, ni kuma in saurara har ƙarshe. Baba Akawu ya karɓi sabon bugun, ya jujjuya shi, ya ce ashe Bafulatani yana koyon karatu idan ya sha wuya. Da zan fita ya biyo ni har bakin ƙofa, ya rage murya.

“Takardar tuhumar nan, ka huda ta?”

“Ban huda ba.”

“Ka sa ta a cikin fayil?”

“Tana kan tebur, Baba. Na ɗora mata dutse.”

Ya gyaɗa kai ya koma ciki. Bai sake tambayata ba, ni kuma ban taɓa riƙe takarda a wajen fayil tsawon haka ba. Ba zan iya riƙe ta har abada ba, domin wannan ma saɓa ƙa'ida ne.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon kwamitin ladabtarwa ya zauna a kan wannan batu kafin ranar sallamar akawun reshen Gashua, ya soke takardar tuhumar da aka ba shi, bisa hujjar cewa umarni ya bi, a rubuce da kuma ta waya. Ina roƙon a binciki yadda na'urar hukuma ta sauya fasalinta alhali jami'in da ke kula da ita ya hana, a kuma rubuta wa kamfanin da ya ƙera manhajar a nemi bayani a rubuce, da sa hannun wani mutum mai suna da muƙami. Idan kuwa kwamiti ya ga lalle sai lambar nan ta sami fayil ɗin da za ta zauna, to a sauya sunan da ke kanta a sa nawa, ni zan amsa ta cikin wa'adin da doka ta tanada.