Hannun Matar Tela

Ko zan manta da duk waɗanda na yi jinya a rayuwata, wani dattijo tela da matarsa ba za su fita daga raina ba. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne. Ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti kusa da Tudun Wada, kullum daga unguwar Trikania nake hawo bas, kuma ni ce a ɗakin wanke ciwo.

Baban yana da ciwon suga, ga gyambo a ƙafarsa ta dama, wadda da ita yake taka keken ɗinki. Lokacin kuwa kasuwar teloli ta buɗe, kowane sabon kansila babbar riga yake so, shi kuma yana zaune da bandeji. Likita ya faɗa masa ƙarara cewa in ciwon ya ci gaba da ci, sai an yanke ƙafar. Ranar ya dube ni ya ce, "Sista, in aka yanke ta da me zan taka keke? Wuta ba ta zama balle in koma na lantarki." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yana shan magani a kan ƙa'ida, ya bar suga a shayi duk da mitar da yake yi, amma da ciwon ya fara kamewa sai ya dawo da sabon bororo a saman ƙafar. A idona ya fi kama da ƙuna. Na tambaye shi ko wuta ce ta taɓa shi, ya yi dariya. "Wuta kuma? Ni da ko murhu ba na zuwa kusa da shi."

Matarsa ce ke rako shi, ba ta da yawan magana. Wata safiya da ta miƙo mini ledar magungunansa sai na ga yatsunta sun yi jajir, fatar har ta saɓule. Na ce, "Mama, me ya sami hannunki?" Ta yi maza ta tura shi cikin mayafi, wai aikin gida ne. Na ja ta gefe ina lallashi har ta buɗe baki.

"Gashi nake yi wa Malam, 'yata. Kullum da safe, da tawul da ruwan zafi. Cewa yake ƙafar ta yi masa sanyi kamar ba tasa ba. In na sirka ruwan sai ya ce, ƙara zafi, ban ji komai ba. Ni kuwa sai in ƙara."

An san ni da saurin faɗa a asibitin nan, amma ranar ban yi faɗa ba. Ta ina zan fara yi wa matar da ke ƙona hannunta kullum don mijinta tsawa? Sai na sa Baba ya rufe ido, na riƙa danna bakin biro a tafin ƙafarsa da yatsunsa, tana kallo. Na ce, "Baba, ina nake taɓawa?"

Ya ce, "Kin fara ne?"

Mama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ashe ni nake dafa shi."

Na riƙe hannunta na ce, "Ba ke ba ce, Mama. Ciwon ne ya kashe masa ji. Hannunki yana jin zafin, ƙafarsa ce ba ta ji."

Na san in na ce ta daina kawai na yi shiru, ba za ta iya naɗe hannu ta zauna ba, gobe wata maƙwabciya za ta kawo mata wata dabarar. Don haka na ba ta aiki. Bandejin nawa ne, kada ta taɓa. Ruwa mai ɗumi kaɗai, ta fara gwada shi da gwiwar hannunta, ta goge tsakanin yatsu ya bushe sarai, ta duba tafin ƙafafun biyu kullum, in ya ji sanyi ta sa masa safa. Kuma tunda shagon tela ba ya rabuwa da allura, ta kakkaɓe takalminsa kafin ya sa. Na sa ta yi komai a gabana har hannunta ya faɗa. Baba ya ce, "Shi ke nan, Sista, kin ba ta lasin bincike na kamar 'yan sandan kan hanya."

Ƙaramin yatsan ƙafarsa dai sai da aka cire, amma ƙafar ta tsira. Bayan wasu watanni sai ga su da farar rigar aiki a ninke, ya ɗinka mini ba tare da ya taɓa auna ni ba, ta kuma zauna mini cif. Ya buga ƙafar a ƙasa ya ce, "Da ita na taka." Ni kuwa hannun Mama na fara kamawa na juya, na ga ya warke sumul, sai hawaye ya zubo mini.

Tun daga ranar na koyi cewa duba majinyaci ba ya ƙarewa a jikinsa. In na gama da ciwon, sai na kalli hannun wanda ya kawo shi.