Likita Ta Ce In Kama Sunan Ɗan Farina

Shekaru huɗu da suka wuce, in ana zancen haƙuri a unguwarmu ta Yindiski da ni ake kwatance. Mijina dillalin shanu ne, iyayenmu makiyaya ne da suka zauna gari, kuma an raine ni a kan cewa uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna son sa a gaban mutane. Shekara goma sha tara "kai" nake ce wa ɗana na fari, ko "wancan". Ranar da tirelar da ya raka shanu Kudu a cikinta ta kife, aka kawo mana labarin rasuwarsa, ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Matan unguwa suka yi ta yabona. Yau in na tuna yabon nan raina ɓaci yake yi.

Bayan shekara guda jikina ya ƙi. Abinci ba ya shiga, in na ji ƙarar babbar mota sai in toshe kunnuwana, ga shi a Potiskum tirela ba ta yankewa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. A asibiti aka auna ni ba a ga komai ba, aka tura ni wajen wata likita mai kula da damuwa, wadda maganinta magana ce kawai, duk Talata.

Na tsani zaman nan. Ina shiga da ƙafata, in fito kaina na sarawa, in yini a kwance. Babu wanda ya gaya mini ciwon ƙaruwa yake yi kafin ya ragu. A zama na uku ta tambayi sunan ɗan nawa da ya rasu. Na ce ɗan fari ne. Ta ce ta san al'adar, mahaifiyarta ma haka take, ba za ta tilasta mini ba. Sannan ta ce, "Amma Mama, daga ni sai ke a ɗakin nan. Kunyar wa kike ji?" Na miƙe na wanke ta tas, na ce boko ya cinye mata tarbiyya, na buga mata ƙofa.

Wata biyar ban koma ba. A cikinsu ne na mari autata, 'yar shekara tara, don kawai ta ambaci sunansa muna cin tuwo. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe kunci ta ce, "Inna, ke dama ba kya son Yaya ne?"

Talatar da ta biyo na koma, ina cike da haushi, ko gaishe ta ban yi ba. Sai da muka ƙara zama biyu kafin sunan ya fito daga bakina. Na yi kuka har na yi amai, ita kuwa ta miƙo mini ruwa.

Yanzu ina ci, ina barci, amma fushin bai tafi ba. Ina fushi da masu yabona, ina fushi da kaina. 'Yan'uwana mata, in an tura ku irin wannan zama, kada zafinsa ya kore ku kamar yadda ya kore ni. Kuma ku kira 'ya'yanku da sunansu tun suna iya amsawa. Ni sai a ɗakin asibiti na kira nawa, a gaban baƙuwa, yana kabari.