Matajin Roba da Carbin Baffa

Wani hantsi a shekarar 1968, ana dab da hawa Arfa, ina tsugune a gefen shimfiɗar Baffa Isiyaku kusa da masaukin alhazai na bakin teku a Jidda, ina zura ƙwayoyin carbi a zare. Shekarata takwas. Baffa yayan mahaifina ne, shi kaɗai ne a zuri'armu da ta zo daga Sudan yake da cikakkun takardu, kuma shi ya yi alkawarin kai ni makaranta da sunan ɗansa da zarar an gama aikin Hajji. Inna, mahaifiyata, har ta ɗinka mini jaka da ragowar buhun fulawa. Alhazai uku daga ƙasar Hausa suna tsaye suna taya wani carbi mai launin zuma, Baffa ya ɗauko shi don ya nuna musu abin da ya saba nunawa.

Carbin na kahraman ne, wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, mai tsada ƙwarai. A lokacin na roba sun fara cika kasuwa, ido ba ya raba su. Saboda haka masu sana'ar suna da gwajinsu: a goga ƙwaya a jikin ulu, a kusantar da ita ga guntun takarda, in takardar ta yi tsalle ta manne, na gaske ne. Baffa yana da wani yankin bargo na musamman don wannan. Kullum in takardar ta tashi sai ya ce, "Roba matacciya ce, kahraman ne mai rai."

Ni kuwa abin ya daɗe da shiga raina. Gidanmu a unguwar Karantina ɗakunan kwano ne da katako, ba wuta, sai fitilar kananzir da nake wanke wa gilashi. In na gama ɗebo ruwa da ɓare wa Inna gyaɗar da take sayarwa, yara suna can suna ƙwallon tsumma, ni ina bayan ɗaki da tsohuwar hular ulu ina goge duk abin da hannuna ya kai. Na goga cokali, bai ɗauki komai ba. Na goga ƙusa da ƙwallon dabino, shiru. Na rataye tsinken tsintsiya da zare don in ga ko zai juya. Na lura ranar da iskar teku ta jiƙe gari, jiki yana danƙo, ko kahraman ɗin Baffa da ƙyar yake ɗaga takarda, ranar busasshiyar iska kuwa sai ta yi ta tsalle. Sannan wata rana na goga matajin roba na Inna, tsinken ya juyo ya bi shi kamar ɗan akuya. Murna ta hana ni cin abinci. Na sa matajin a aljihu, ina jiran in nuna wa Baffa ya yaba mini.

To, a wannan hantsin, da takarda ta manne a carbi alhazai suna ta mashallah, sai na zaro mataji, na goga a bargon Baffa, na ɗora a kan takardun. Suka tashi gaba ɗaya, har sun fi na carbin yawa. Babban cikin alhazan ya yi dariya ya ce, "Malam, to matajin ma a sa masa kuɗi, shi ma mai rai ne." Suka ajiye carbin suka wuce.

Marin da ya biyo baya na daɗe da mantawa da zafinsa. Abin da ban manta ba shi ne Baffa bai ko karɓi matajin ya duba ba. Ya taka shi da takalmi ya karye. Da la'asar ya zo gida ya tsaya a tsakar gida, ya ce na tozarta shi a gaban baƙin Allah, na mai da shi maha'inci, yaron da ya fara ƙaryata manya tun bai san alif ba in ya yi karatu sai ya ƙaryata uwarsa. Inna ta durƙusa tana cewa, "Yaya, yaro ne, wasa yake." Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ba zan ɗora sunana a kansa ba." Mahaifina ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, iƙamarsa ma, wato takardar izinin zamansa, a hannun Baffa take, sai ya sunkuyar da kai. Da aka buɗe makaranta, jakar buhun nan ƙanwata aka ba, ta riƙa zuba gyaɗa, ni kuma aka haɗa ni da sanda da garwa biyu ina sayar da ruwa gida gida.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na ce tsoho ne bai gane ba. Amma da wani Hajjin ya zagayo, na bi ta gaban shimfiɗarsa da garwana, sai na ga babu bargon. Ɗan kasko ne a wurin da garwashi, yana ɗora allura ta yi ja, ya taɓa cikin hujin ƙwaya, ya miƙa wa alhaji ya shinshina: kahraman ƙamshin turare, roba wari. Ashe ya gwada a ɓoye. Ya san gaskiyata, har ya gyara sana'arsa da ita. Muka haɗa ido, ya ce, "Yalla, wuce, kana jiƙa mini wuri." Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kullum ina gaishe shi a durƙushe, bai taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu ina da furfura, ina gadi a wani sito a Madinar Masana'antu, bayan la'asar kuma ina zuwa ajin manya a unguwar Waziriyya. Kwanan baya malaminmu ya ba mu labarin wani likita na zamanin da can a ƙasar Turai. Wai shi ma kahraman ya yi ta gogawa, sannan gilashi da sauran abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙera wata 'yar allura mai juyawa don ya gane wanne ke ja, ya rubuta cewa ba kahraman kaɗai ba ne, har ya lura danshin iska yana rage ƙarfin. Daga irin wannan bincike ilimin lantarki ya taso, har ya kai ga fankar da ke juyawa a kanmu. Malam ya tambaya ko akwai wanda bai gane ba. Na ajiye alƙalamina a kan littafi.

Mutane suna cewa ina da haƙuri, kuma na yi wa Baffa addu'a ranar da muka kai shi makwancinsa. Amma duk lokacin da na tsaya ina haɗa baƙaƙen kalma ɗaya kamar mai hawa tudu da garwa, sai in tuna kaskon nan. Wancan mutumin an ba shi takarda ya rubuta abin da ya gani. Ni abin da na gani aka karɓa, aka bar ni da ruwa a kafaɗa.