Kwari Biyu, Shinge Ɗaya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bukar, ma'aikacin gandun daji a Gure, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna tafiyar tudun yashi da zurfin ruwan rijiyoyi. Har yau, in na ji an ce "bincike ya nuna", fuskarsa nake gani.

Ina sakataren kwamitin kula da filaye lokacin da wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo da abin da zai isa a kafe tudu ɗaya tak da shingen kirare da kaba. Kwari biyu ne yashi ke bi: babba mai dabino, da ƙarami inda Ya Falmata, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, take noman rogo da albasa tare da maƙwabtanta. Awon Bukar ya nuna babban zai fi saurin tsira. Aka amince a kare shi, na ɗauki alƙalami na rubuta cewa bincike ne ya yanke.

Bukar ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam sakatare, ƙanena, goge wannan. Igiyar awona ta faɗi inda yashi zai bi. Ba ta ce a bar Ya Falmata ba. Mu muka ce."

Shugaban zaman ya yi dariya ya ce, "Bukar, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, ranka ya daɗe. In igiya ta yanke, wa tsohuwa za ta kama? In mu ne, ta san ƙofar gidajenmu."

Na goge, na rubuta "mun zaɓa". Da yake an amsa cewa zaɓi ne, dole aka zauna kan haƙƙin waɗanda aka bari. Ba a rabu ba sai da masu babban kwari suka yanka wa kowane gida na ƙaramin kwari fegi a gefensu, wasu suna gunaguni.

Yanzu rahotanni kan sauyin yanayi sun yawaita, hotunan tauraron ɗan'adam sun fi igiyar Bukar gani nesa, kuma da yana raye da ya yi murna da su, don bai taɓa raina ilimi ba. Abin da zai ɓata masa rai, wanda ke ɓata mini, shi ne yadda ake ɓuya a bayansu. A rufe wa makiyayan yankin Alakos hanya, a ce lissafi ne. Lissafi ba ya zuwa ta'aziyya, ba kuma ya jin kunya.

Ƙaramin kwarin ya tafi. Kawunan goriba kaɗai ke leƙowa daga yashi. Amma bana ma, da aka cire rogo a sabon feginta, Ya Falmata ta zo a kan amalanke, ta ajiye wa matar Bukar damin farko. Na ce mata, "Iya, ai shi ne ya auna aka bar kwarinki."

Ta ce, "Na sani, ɗana. Shi ne kuma ya zo har gida ya faɗa mini da bakinsa."

Allah ya jiƙan Bukar, ya haskaka makwancinsa.