Gindin Kofin Sifis

Garifaliya Dramitinu ba ta yarda da kowa ba a jami'arsu ta tsibirin Karita. Ɗalibi ya gaishe ta, ta ce da wata a ƙasa. Abokin aiki ya yaba littafinta, ranar sai ta canza kwaɗon ofis. Mutum ɗaya ne ya tsira daga zarginta: Sifis, tsohon shugaban ma'aikatan da suka tona mata kufai neman kayan tarihi tun tana 'yar shekara ashirin da bakwai.

Shi ya ƙwala mata kira a shekarar da ake shirin rufe haƙar don ba a samu komai ba. A cikin ramin ga wani ƙoƙon yumɓu, da zane uku a gindinsa, na tsakiyan a karkace, irin rubutun da ba wanda ya taɓa gani. A kan ƙoƙon nan ta zama dakta, a kansa ta zaga ƙasashe tana lacca, kuma ranar Litinin za a zauna a kansa a ba ta farfesa.

Ranar Asabar ta tafi ƙauye duba Sifis da ciwon ƙafa ya kwantar. Matarsa Kaliyo ta kawo gahawa a kofin yumɓu, da zaitun. Masu binciken kayan tarihi suna da wata muguwar ɗabi'a: ba sa riƙe kwano su ajiye sai sun leƙa gindinsa. Tana shanyewa ta kifa kofin.

Zane uku. Har karkacewar na tsakiyan.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Baba Sifis, wa ya gina wannan?"

"Mahaifina, mana. Maginin tukwane ne, kin manta?"

"Zanen fa?"

"Alamarsa ce. Ke dai ba kya shan abu ki bar shi lafiya."

"Kai ka binne wancan ƙoƙon?"

"Ni na tono shi, a gaban idonki."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shekara talatin, 'yata, sai yau tambaya ta zo miki? Lokacin da kike kuka bayan itacen zaitun don za a rufe haƙar ai ba ki tambayi kowa ba."

Ta damƙe kofin, ta roƙi Kaliyo ta bar mata shi, wai don tunawa. Nufinta shi ne kofin ya ɓace daga duniya kafin Litinin.

"Ɗauki abinki, Malama," in ji Kaliyo da murna. "Ai ba gidan da babu irinsa a ƙauyen nan."